Yadda Aka Ƙirga Tanyi Dosi

Zunto ba wani gari ba ne mai girma. In ka sauka daga motar Kwatano a bakin kwalta, wajen mai sayar da fetur a kwalba, ka miƙe kai tsaye, kafin ka cinye gasasshiyar masara guda ka iso bakin tafki. Tituna biyu gare mu, ɗaya ya bi ta gaban coci da makaranta, ɗaya ta bayan masallaci da injin niƙa, su haɗu a mashaya inda ake ɗaure kwale-kwale. Rabin mutanenmu tun da sassafe suke tafiya birni, 'yan acaɓa da masu gadi da mata masu kai kifi kasuwa, sai yamma su dawo. Sauran kuwa ruwa ne sana'arsu. Daga mashaya ana hango gidaje goma sha ɗaya tsaye bisa dirkoki a cikin tafki, kusa ƙwarai, in ka ɗaga murya za a amsa maka. Unguwar Ruwa ke nan, can aka haifi mahaifina.

Ni sunana Asiba, ɗinki nake yi. Shagona a jikin ofishin mai gari yake, shi ya sa makullin ofishin yake wurina. Shekarar da aka yi ƙidaya, mai gari Agosu, wanda tare muka yi firamare, ya leƙo shagon yana share gumi.

"Asiba, ajiye keken nan na kwana goma. An turo mana mai ƙirga mutane, ke za ki zaga da ita."

"Don me ni? Ba ka da 'yan majalisa?"

"Su ba su san kowa ba sai mai sayar da giya. Ke kuwa har wanda ke ciki kin san da zuwansa, tunda ke kike buɗa wa uwarsa riga."

Wadda aka turo mana Fifame ce, 'yar birni, siririya, shekarunta ba su wuce ashirin da huɗu ba. Ta gama jami'a tana jiran aiki, sai wannan ya samu. Tana da jaka a kafaɗa, da alli na rubuta lamba a ƙofa, da wata na'ura kamar allo wadda take shigar da komai a ciki. Ranar farko ta ce mini Madam, na ce ta bari, ni ba matar gwamna ba ce. Daga nan ta koma ce mini Yaya.

Kwana tara muka yi muna bin gidajen tudu. Aikin bai yi wuya ba sai dai surutu. Wani tsoho ya nace sai an rubuta awakinsa bakwai, ya ce sun fi 'ya'yansa zama a gida. Matar mai injin niƙa ta ce shekararta talatin da biyar, alhali ɗanta na fari, mai shekara talatin, yana tsaye a bayanta. Fifame ba ta yi dariya a gabanta ba, sai da muka sha kwana ta dafa bango ta yi ta ƙyaƙyatawa har alli ya faɗi. Tun daga ranar na ji tana kwanta mini a rai.

Duk kwanakin nan, kowace safiya sai saƙo ya zo mini daga Unguwar Ruwa: Tanyi ta ce yaushe?

Tanyi Dosi yayar mahaifina ce, amma duk garin Tanyi suke ce mata, wato gwaggo, har limamin masallaci da fada na coci. Ta haura tamanin. Bandar kifi ta yi duk rayuwarta, kuma kafin a buɗe ɗakin haihuwa a bakin kwalta ita ke karɓar haihuwa, da yawanmu a tafin hannunta muka fara kuka. Tun da ta ji za a yi ƙidaya ta kawo mini atamfa shuɗiya ta ce in ɗinka mata riga da zane da ɗankwali.

"Biki za ki, Tanyi?"

"Gwamnati za ta zo gidana, kina so ta same ni da zanen hayaƙi? Wancan karon ina asibiti da ƙafa. Na gabansa kuma mijina ne ya amsa musu a madadina, ina can ina fama da itace, ko fuskarsu ban gani ba. Wannan karon da bakina zan faɗi sunana."

Rana ta goma, Litinin ce, muka gama gida na ƙarshe, na mai gyaran injin jirgi da ke daf da mashaya. Na kwance kwale-kwalen mijina na ce Fifame ta shiga. Ta tsaya tana duba na'urarta, ta ɗaga kai ta dubi gidajen kan ruwa, ta sake dubawa.

"Yaya, ai mun gama."

"Mun gama me? Ga Unguwar Ruwa can."

"Ba sa cikin nawa." Ta juyo mini da na'urar. Na ga hoton garinmu daga sama, rufin kwano ƙanana-ƙanana, da wani jan layi da ya zagaye shi. Layin ya bi bakin ruwa sak, ya bar gidajen nan goma sha ɗaya a waje. "Duk abin da ke kan ruwa an haɗa shi da Domeji. Mai ƙirgarsu zai zo musu."

"Domeji?" Na ji muryata ta tashi. "Domejin da ke wancan ƙetaren? Awa guda fa a jirgi mai inji!"

"Ni ma na ga kamar da nisa. Amma in na shigar da gidan da ke bayan layi, na'urar ba za ta karɓa ba."

Sai ka san Zunto da Domeji kafin ka gane nauyin maganar. Ba gaba muke yi ba, muna auratayya, muna zuwa jana'izar juna. Amma tun kakanni muke tsokanar juna. Mu mu ce sauronsu ya kai tantabara, su su ce garinmu in mutum ya yi atishawa a wannan ƙarshen, na wancan ƙarshen ne zai goge fuska. A ce wa ɗan Zunto ɗan Domeji, a takardar gwamnati kuma, ba ƙaramin abu ba ne.

Ni kaɗai na tuƙa zuwa gidan Tanyi. Na same ta zaune a dandamalin ƙofarta cikin sabuwar atamfar, kwana na uku ke nan tana saka ta tun safe. Ta soya karfasa, ta jera ƙullin akasa, tuwon masararmu mai tsami, a cikin ganye, ta shimfiɗa tabarma ta baƙi. Ta leƙa bayana ba ta ga kowa ba.

"Ina yarinyar?"

Na faɗa mata. Na yi zaton za ta yi faɗa, don bakinta ba ya shiru. Sai kawai ta kwance ɗankwalin a hankali, ta ninke shi huɗu ta ɗora a cinya, tana shafa shi da tafin hannu. Can ta ce, "Ci kifin nan, kada ya lalace." Na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa ba.

Washegari da hantsi ina shago na ji hayaniya daga mashaya. Na fita da almakashi a hannu. Kwale-kwale na gani jere, sun fi ashirin, cike da tabarmi da tukwane da gidan sauro da kaji a kwando. Duk Unguwar Ruwa ce ta taso, mutum sittin da uku, har da jaririn kwana goma sha biyu. Tanyi ce a gaba, an riƙo ta ana saukewa.

"Tunda layin ba zai zo wurinmu ba, mu mun zo wurinsa," in ji ta. "A kira mini yarinyar."

Kafin a ce wani abu mutanen tudu sun fara rabon baƙi. Kowa yana da ɗan'uwa a cikinsu. Matar mai injin niƙa ta ja mutum shida, liman ya buɗe zaurensa, aka share aji ɗaya na makaranta. Mai gari Agosu sai murna yake yi yana zagayawa kamar shi ya kawo dabarar.

Fifame ta iso da jakarta, ta ga taron, ta tsaya turus. Agosu ya yi mata bayani yana washe baki. Ta saurara har ya gama, sannan ta yi magana a hankali, ana ganin ba ta son faɗa.

"Mai gari, zan iya shigar da su. Amma akwai tambayar da na'urar take yi a kan kowane mutum: a nan yake zaune, ko baƙo ne? Wanda gidansa yake wani wuri, baƙo zan rubuta. Kuma baƙo ba ya shiga lissafin gari."

"To ki rubuta a nan suke zaune mana!" wani ya ce daga baya.

"Na yi rantsuwa kafin a ba ni aikin nan. Ba zan rubuta abin da na san ba haka yake ba."

Tanyi ta tako da sandarta har gaban Fifame. Kanta bai kai kafaɗar yarinyar ba.

"Me kika ce za ki rubuta ni?"

"Kaka, ba ni ce na..."

"Tanyi ake ce mini. Me za ki rubuta?"

"Baƙuwa," in ji Fifame.

"Baƙuwa. A Zunto." Ta juya ta dubi jama'a. "Agosu, wa ya yanke maka cibiya?"

"Ke ce, Tanyi."

"Kai fa, mai injin niƙa, da kake ɓuya a bayan matarka?"

"Ke ce."

Ta juyo ta kama wuyan hannun Fifame. Na ɗauka za ta zage ta ne, sai na ji ta ce, "Kin yi daidai da kika ƙi yin ƙarya. Uwarki ta iya tarbiyya. Wanda ya zana miki layin ne bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba. Shiga jirgi."

"Tanyi, ban iya ruwa ba."

"Ruwan da bai wuce ƙirjin Asiba ba? In kin faɗa ki miƙe tsaye kawai. Shiga."

Mu uku muka tafi, ina tuƙi, Fifame ta ƙanƙame gefen jirgin da hannu biyu, na'urarta a cikin leda ta rataya a wuya. Rani ne, ruwa ya ja baya. Tanyi ta sa na wuce gidanta kaɗan, zuwa wani fili tsakanin gidaje inda ba a kafa komai ba. Ta karɓi gorar tuƙi daga hannuna ta dinga caka ta cikin ruwa. Sau uku tana nutsewa cikin laka shiru. A na huɗu muka ji ƙwas, ƙarar itace a kan siminti.

"Miƙo hannunki."

Fifame ta rufe ido ta tura hannu cikin ruwa har gwiwar hannu. Sai ta buɗe idon.

"Akwai wani abu. Zagayayye ne, kamar bakin..."

"Rijiya ce. Ubana ya haƙa ta, ni na ɗebo masa yashin simintin a kaina. Kin taɓa ganin mahaukacin da ya haƙa rijiya a tsakiyar tafki?" Ta nuna da gorar. "Nan kasuwa take. Can inda kainuwa ta taru, bishiyar mangwaro ce, a ƙarƙashinta aka ɗaura mini aure. A shekarar ne babban ruwa ya zo, ya kwana wata uku, da ya tashi komawa bai koma duka ba. Masu tsoro suka hau tudu, su ne kakannin waɗancan masu baki da yawa. Ubana ya ce ba inda za shi, ya sari itace ya ɗaga ɗakinsa sama. Mu ba mu bar Zunto ba, 'yata. Inda muke tun farko, nan muke."

Fifame ta daɗe hannunta na cikin ruwa, tana shafa bakin rijiyar. Sannan ta goge hannun a rigarta, ta ciro na'urar ta ɗauki hoton wurin, da gidajen, da mashaya daga inda muke. Ta tambayi inda yaran unguwar ke karatu, aka ce makarantar Zunto. Inda suke binne matattu, aka ce bayan cocin Zunto da maƙabartar masallaci. Tun muna cikin jirgin ta kira shugabanta a waya, wani mai suna Tosu. Ina jin muryarsa yana faɗa, wai ita aka tura ƙirga mutane ko gyaran taswira. Yarinyar nan da ke rawar jiki a kan ruwa ba ta ja da baya ba. Ta ce masa, "Oga, hannuna ya taɓa rijiyar." Ta maimaita masa har sau uku.

Da ta kashe wayar ta ce, "Ya ce abu ɗaya ne zai yiwu. In mai garin Zunto da na Domeji suka sa hannu a takarda cewa gidajen nan na Zunto ne, zai buɗe mini su a na'ura. Amma kafin Juma'a, ranar ake rufewa."

Agosu ya sa hannu tun kafin a gama karanta masa. Matsalar Domeji ce. Agosu da mai garinsu, tsoho Sagbo, sun yi shekara biyu ba sa ga maciji saboda rikicin wurin kafa tarkon kifi.

"In na je da kaina, ko ruwa ba zai ba ni ba," in ji Agosu.

"Wa ya ce kai za ka?" in ji Tanyi. "Zauna ka yi gadin kajina."

Laraba da safe mijina ya ɗauke mu a jirginsa mai inji, ni da Tanyi da Fifame. Tanyi ta sa atamfarta shuɗiya. A hanya take ba Fifame labari cewa Sagbo ya nemi aurenta kafin mijinta Hunu, ta ƙi shi, ta ce ba za ta iya zama a garin da ake dama akasa kamar kunun jarirai ba. Daga baya shi da Hunu suka zama abokai na ƙut da ƙut, tare suke zuwa kamun kifi har ƙasar Gabon. Amma ita tun ranar ba ta taɓa cin abincin Domeji ba, ko jana'iza ta je da ƙullinta take tafiya.

Mun sami Sagbo a rumfar ƙofar gidansa da dattawa uku. Dogo ne, ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. Labari ya riga mu isa. Yana hango Tanyi ya buga cinya.

"Jama'a ku tashi, amaryata ta iso! Shekara sittin ina jira, ashe gwamnati ce za ta kawo mini ke har gida."

"Tsohon banza. Haƙori nawa ya rage maka da za ka yi amarya?"

"Huɗu. Biyu na cin kifi, biyu na yi miki murmushi."

Aka kawo kujeru, aka zuba ruwa a ƙasa don waɗanda suka riga mu, aka gaisa. Fifame ta karanta takardar. Kafin Sagbo ya buɗe baki, ɗaya daga cikin dattawan ya matso ya yi magana, ba da wasa ba.

"Mai gari, a yi tunani. Mutum sittin da uku ba kaɗan ba ne. Shekara nawa muna neman a ƙara mana aji a makaranta ana ce mana yawanmu bai kai ba? Ba mu muka zana layin ba. Allah ne ya kawo."

Gaskiya kuwa ya faɗa. Na ga ajinsu da muka wuce, yara har bakin taga. Tanyi ma ta ji, ba ta mayar masa da tsokana ba.

"Maganarka gaskiya ce, ɗana," ta ce. "Yaranku na buƙatar aji. Amma yaran Unguwar Ruwa ba za su zauna a cikinsa ba ko sau ɗaya. A Zunto suke zama, uku-uku a benci, kuma can ma za a ce yawanmu bai kai ba."

Sagbo ya murza sandarsa. Can ya ɗago.

"Dosi, in kin mutu ina za a kai ki?"

"Ka sani. Bayan coci, kusa da Hunu. Na riga na nuna wa Asiba wurin."

"Ni na riƙe kan akwatinsa ranar." Ya juya ga dattawansa. "Ku ji. In na riƙe sunan matar nan a takardata, ranar da na je wurin Hunu me zan ce masa? Na kasa samunta da rai, na sace ta a rubuce? Aji za mu ci gaba da nema da yaran da muka haifa. Ku dai ku ƙara himma." Dattawan suka yi dariya, har wanda ya yi maganar, ko da yake tasa ba ta kai ciki ba.

"Amma da sharaɗi," in ji Sagbo. "Ba na sa hannu da yunwa, kuma ba na ci ni kaɗai."

Aka kawo akasa da miyar ƙaguwa. Tanyi ta dubi kwanon kamar magani aka ba ta. Duk rumfar aka zuba mata ido, har mata sun leƙo ta katanga. Ta wanke hannu, ta gutsura, ta tsoma a miya, ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa.

"Yaya?" in ji Sagbo.

"Wa ya dama?"

"Matar jikana."

"'Yar ina ce?"

Ya sosa ƙeya. "'Yar Zunto ce."

"Na ji a bakina," in ji Tanyi, ta sake gutsura.

Sagbo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sa aka ɗauko hatiminsa, ya hura masa iska, ya danna a takardar da ƙarfi.

Tosu ya ga takardar ya buɗe gidajen a na'ura. Ranar Alhamis mutanen Unguwar Ruwa suka kwashe tabarminsu da kajinsu suka koma, don Fifame ta ce kowa a gidansa za ta same shi. Muka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, tana hawa tsani tana rubuta lamba da alli a jikin ƙofa. Yanzu hannu ɗaya kawai take riƙe jirgi da shi. Tanyi ta ce a bar nata ya zama na ƙarshe, ba ta son a yi mata sauri.

La'asar ta yi lokacin da muka hau dandamalinta. Ta zauna a kujera ta miƙe baya, hannuwa a cinya.

"Sunanki?" in ji Fifame, kamar ba ta sani ba.

"Dosi, 'yar Avose mai rijiya, matar Hunu."

"Shekaru?"

"Ina da sha tara babban ruwa ya zo. Ke kika yi boko, ki lissafa."

Muka lissafa tare, ya kama tamanin da biyu. Aka tambayi rufin ɗaki, da inda take samun ruwan sha, da abin da take girki da shi, da ko ta iya karatu. Duk ta amsa dalla-dalla, har da ƙarin da ba a tambaya ba.

"'Ya'ya nawa kika haifa?"

"Tara."

"Nawa ke raye?"

"Huɗu."

Fifame ta shigar, za ta wuce tambaya ta gaba, sai Tanyi ta ɗaga hannu.

"Ba ki tambayi sunayen biyar ɗin ba."

"Babu wurin rubuta su, Tanyi."

"To ki ji da kunnenki."

Fifame ta kife na'urar a kan tabarma. Tanyi ta faɗe su ɗaya bayan ɗaya, da ranar da aka haifi kowanne da abin da ya ɗauke shi: biyu ƙyanda a mako guda, ɗaya ruwa, ɗaya tun a ranar haihuwa, sai babbansu da ya yi hatsari a kan babur yana da 'ya'ya uku. Ni da nake 'yar ƙaninta ban taɓa jin sunan ta ranar haihuwar ba sai ran nan. Ba ta yi kuka ba. Da ta gama ta ce, "To, ci gaba."

Aka zo kan masu kwana a gidan: ita, da jikarta, da mijin jikar. Ta so a sa autanta da ke Gabon shekara goma sha ɗaya, Fifame ta ce ba zai yiwu ba. Tanyi ta yi tsaki amma ba ta ja ba.

"Shi ke nan," in ji Fifame. "Kin shiga."

"A Zunto?"

Ta nuna mata. Tanyi ba ta iya karatu ba, amma ta sa na karanta mata sunan garin da ƙarfi, ta ɗora yatsa a kansa. Sannan ta buɗe kwano, karfasa ce ta sake soyawa, muka ci mu uku ƙafafunmu na lilo a saman ruwa. Bayan shekara ɗaya da rabi sakamako ya fito, aka ce mu dubu ɗaya da tamanin da bakwai ne, Agosu ya sa aka rubuta a allo a bakin kwalta. Amma ran nan ba wanda ya damu da jimla.

Muna cikin ci Tanyi ta dubi Fifame ta ce, "Ke fa, wa ya ƙirga ki?"

Fifame ta tsaya da loma a hannu.

"Kwana goma sha uku kina nan daga safe har yamma. A birni da wa kike zaune?"

"Ni kaɗai, ɗaki na kama."

"To in sun zo sun tarar da kwaɗo a ƙofa fa?"

Yarinyar ta ajiye lomar. "Wallahi ban yi tunanin haka ba."

"Kin gani? Kina ta bin mutane, ke an bar ki a waje. Rubuta kanki a gidana, akwai tabarma."

"Tanyi, kin san ba zan iya ba."

"Na sani, gwada ki nake yi. Asiba, tashi ki kai ta bakin kwalta tun rana ba ta faɗi ba. Gobe ake rufewa."

Ta naɗe sauran kifin a ganye ta cusa mata a jaka, kusa da na'urar, Fifame tana cewa zai yi mai, Tanyi tana cewa gwamnati ma ta ji ƙamshi. Na tuƙa ta zuwa mashaya, na raka ta har ta sami mota. Washegari wajen azahar ta kira ni a waya, ta ce in gaya wa Tanyi ta sami mai ƙirgar unguwarsu yana shirin haɗa jakarsa, ta tsare shi a bakin famfo sai da ya shigar da ita. Na rufe shago na sauka mashaya, na haɗa hannu a baki na ƙwala wa Tanyi saƙon. Jikarta ce ta leƙo ta amsa, ta ce Tanyi ta ji, ta kuma ce a tambayi yarinyar ko ta ci kifin.